Kwanon da Ba Mai Shi

Boram ta jingina wayarta da kwalbar man riɗi, ta danna ɗaukar murya. Kakarta na gaban murhu tana juya miyar ganyen teku, irin wadda ake dafa wa mai bikin ranar haihuwa. Kowace shekara a rana irin ta yau sai ta dafa ta, ta zuba kwano guda ta ajiye a gefen tebur, alhali ba wanda aka haifa a gidan cikin wannan watan.

Malama Pyo ta Turanci ce ta ba su aikin: kowa ya binciko wani abu na gidansu, ya mai da shi labari. Wanda ya fi kyau za a sa a shafin makaranta na intanet, amma dole a canza sunaye. Boram dai maki take nema, ta ga miya ba za ta yi wahalar rubutawa ba.

"Kaka, wai kwanon nan na waye?"

"Na masu tambaya ne. Ɗauke min wannan abin, yana kallona."

"Aikin makaranta ne fa. Da Turanci zan rubuta, ko ƙawayenki na kasuwar kifi ba za su gane ba."

Ludayin ya tsaya.

"Turanci? Wanda ake yi a Amurka?"

"Shi fa."

"Can ma suna iya gani?"

"In an sa, ko'ina ana gani."

Tsohuwar ta rage wuta, ta zauna, ta jawo wayar gabanta da kanta. Ta ce kafin ta haifi baban Boram ta haifi 'ya, Sunok, a rana irin ta yau, a shekarar da teku ta ci mijinta na fari. Ba shinkafa, ba dangi. Ta kai ta gidan marayu a nan garin Mokpo da nufin ta karɓo ta bayan lokacin sanyi. Da ta koma, aka ce an tafi da ita Amurka. Tana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu.

Tausayi ya kama Boram, kunya kuma ta biyo baya. Abin da ko babanta bai sani ba, shi za ta shanya wa duniya?

"Kaka, zan canza sunan. Haka Malama ta ce."

"In kin canza, da me za ta gane kanta? Sa sunan, sa tabon. In malamar ta rage miki maki, turo min ita."

Boram ta buɗe littafinta, ta rubuta Sunok a layin farko. Kaka ta leƙo tana bin haruffan da ido, ita da ba ta san ko ɗaya ba.

"Ki gyara hannunki, ke," ta ce. "Kar yarinya ta karanta ta ce danginta ba su yi makaranta ba."