Sunan Ɗan Fari

Malam Badamasi ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa haura katangar kowa ba. Shi ne hedimastan wata firamare a bakin dajin Falgore, kuma abin da ya sata gurbin karatu ne.

Wata ƙungiya ce ta shirya wa 'ya'yan talakawa jarrabawa. Wanda ya zo na ɗaya za a kai shi makarantar kwana, a ɗauke masa nauyin littattafai da yunifom da abinci har ya gama. Sakamako ya fito da sunan Mujitaba Surajo, yaron da kullum yake takowa a ƙasa daga ruga. Kowa Dikko yake ce masa, laƙabin da Fulani suke yi wa ɗan fari. Badamasi ya ɓamɓare hoton yaron daga fom, ya manna na Ghali, ɗan ƙanensa.

Ranar tantancewa ƙungiyar ta turo Malama Raihana, 'yar birni. Ta kira sunan, yara biyu suka miƙe.

"Wannan ai Dikko ne, Hajiya," in ji Badamasi. "Tambayi duk ajin. Ya ji ana rabon arziki ne kawai. Ubansa ya yi kudu da shanu, amma ga uwarsa can gindin ɗorawa, ta faɗa miki da bakinta."

Aka kira Hasana, ta durƙusa ta gaishe su.

"Baiwar Allah, yaya sunan ɗanki?"

"Dikko."

"Sunan yanka nake tambaya."

Hasana ta sunkuyar da kai. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunan ba. A gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, abin kunya ne da za a yi ta yi mata gori da shi har ta mutu. Badamasi ya san wannan sarai, shekara goma sha ɗaya yana sayen nono a rugar.

"Inna, ki faɗa," yaron ya ce da ita da Fulatanci. "Sau ɗaya kawai."

Ta buɗe baki, ta dubi mazan da suke tsaye a kanta, ta rufe.

"Kin gani ko?" Badamasi ya yi dariya. "Ko haddace sunan ba su yi ba."

Malama Raihana ta dubi hoto, ta dubi Ghali, ta sa hannu.

Sai bayan wata biyu Kande, kakar Dikko, ta dawo daga jinyar ƙanwarta a Kiru ta ji labari. Ta hau acaɓa har ofishin ilimi, tana riƙe da hannun jikanta.

"Ni na riƙe shi ranar suna," ta ce. "Mujitaba! Mujitaba, mijina marar gemu! Ni ba kunyarsa nake ji ba. Ku rubuta, ko sai na ƙara?"

Aka ɗauko takardar jarrabawa, aka sa yaran biyu suka yi rubutu. Hannun Ghali bai yi kama da na takardar ba ko kaɗan, aka koro shi gida.

Amma gurbin bai koma wa mai shi ba. Ƙungiyar ta ce zango ya yi nisa, ta ba wani yaro daga wani gari wanda dama yake cikin layin jira, sannan ta cire firamaren daga shirinta gaba ɗaya. Yanzu Dikko yana bayan shanu. Yana gaida uwarsa da safe, ta amsa ba tare da ta dube shi ba.

Badamasi kuwa, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya aka kore shi daga aiki, ba garatuti, ba fansho.