Ramin Gishiri da Gawayi

Rahina ta naɗe wayar da ta warware, ta mayar cikin jaka, ta ce ba za ta yi aikin ba.

Baba Is'haƙa ya dube ta daga sama har ƙasa. Shekararsa saba'in da wani abu, kuma duk Dogon Dutsi ba a saba ce masa a'a cikin gidansa ba, balle yarinyar da ya san ranar sunanta. Gurup ɗin yana tsakar gida, injin wuta ja sabo fil, wanda ɗansa Abdussalamu ya aiko daga Yamai. Ba don fanka ko talabijin aka aiko shi ba. Zubaida, matar Baba, tana da ciwon sukari, allurarta kuma sai a firigo take zama. Cikin wannan bazara kuran, wutar lantarkin gari, yana ɗaukewa tun hantsi, wani lokaci sai washegari. Kwalba biyu sun riga sun lalace, likita ya ce ta uku in ta lalace, gadon asibiti ne.

"Mi kika ce?" in ji Baba.

"Na ce ba a ɗakin ajiya ba, Baba. Jikin ɗakin Inna yake. Sai can bayan rumbu, a yi mishi rumfa da ƙofar ƙarfe. A sa makunnin sauya layi, a ja waya mai kauri, a gina rami a binne sandar jan ƙarfe da gishiri da gawayi."

"Gishiri! Miya za mu yi?"

"Duka da aikina, jika tamanin na sefa."

Mahmuda mai shago, maƙwabcin da ya shigo kallon inji, ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, wannan lissahin ƴan lakkwal ne, masu karatun boko. Ni waya guda na samu mai kai biyu, ɗaya a gurup, ɗaya a bango. Shekara biyu ke nan, ga ni da raina."

"Ka ji," Baba ya ce. "Inji kyauta, zamanshi jika tamanin? Amarya ce?"

Zubaida tana kan tabarma a inuwa tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ni dai da ka kawo ni ko rumfa ba ka yi ba."

Rahina ba ta yi dariya ba. Ta yi karatun aikin wuta shekara uku, gidaje da yawa sun kore ta kan irin wannan magana, kuma ba ta taɓa rage ko ƙusa ɗaya ba don a riƙe ta. Ta rataya jaka, ta durƙusa kaɗan kamar mai sallama.

"Ba raini ba ne, Baba. Wayar Mahmuda, in anka tada inji, wutar ba gida kaɗai take tsayawa ba. Tana fita ta bi layi. To akwai ma'aikaci bisa poto, turken wayar wuta, wanda ya kashe layi da hannunshi, ya tabbata babu wuta, ya kama waya."

Baba ya ce, "Ya san da ni?"

"Bai sani ba."

"Ni ma ban ganin shi."

"Ba ka ganin shi."

"Hayaƙin fa? In na rufe ƙofa?"

"Ba shi da wari sosai. Mutum barci yake ji, shi ke nan."

Tsohon ya sauke ido kan hannuwansa. Shekara arba'in ya yi yana ginar rijiya, daga Matankari har Geceme, kuma abu biyu ya koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ba a shiga rami sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. Mai riƙe igiya kuma ba ya saki, ko kunama ta harbe shi, don na ƙasa ba ya ganinsa, ya dai yarda da shi. A Ɗan Kassari ya taɓa fito da mutum biyu daga rijiyar da aka zura wa injin jan ruwa. Babu rauni a jikinsu ko ɗaya. Kamar masu barci.

"Aje jakarki," ya ce.

Ya nufi turke. Rago ɗaya ne a gidan, fari mai baƙin wuya, wanda ya yi wata takwas yana ba harawa da dusa saboda layya. Ya kwance shi.

"Malam," Zubaida ta ce a hankali, "sallar fa?"

"Wanda bai da hali ba a bin shi layya. Ke kuma guda ce."

Mahmuda ya bi shi har ƙofa. "Haba Baba, ragon layya kan sandar da za a binne a ƙasa?"

"Kai, in ka koma gida ka cire wayar nan taka. Ba shawara nike ba ka ba."

Ranar kasuwa ce. Kafin azahar ya dawo da igiya a hannu babu rago, mai kura yana biye da shi da bulo, da kwano, da buhun gawayi. Rahina ta riga ta tafi ta sayo makunni da waya, ta kira magini. Da ta ce za ta nemo mai gina rami, Baba ya dube ta kamar ta zage shi. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon diga mai guntun ƙota, ya tuɓe riga.

"Zurfi nawa?"

"Zuwa ƙugu ya isa."

"Bai isa ba. Ƙasar unguwar nan rairayi ce har ƙirji. Sanyi kike nema, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To tsaya ki gani."

Ta tsaya ta gani. Ramin ya sauka a miƙe, bangonsa sumul kamar an shafe. Tsohon ba ya gaggawa, ba ya kuma hutawa. Da ya kai wuya sai ya ɗebo jar ƙasa, ya dunƙule ta a tafi, ta kama. Ya miƙo mata. Shi kuma ya lura da nata aikin. Kowace mahaɗa sai ta ɗaure, ta ja, ta sake dubawa. Waya ɗaya ta ga ta ɗan karce, ta yanke ta jefar, alhali cikin bango za ta shiga inda ba mai gani.

Suka kafa sandar, suka zuba gawayi, suka zuba gishiri, suka mayar da ƙasa.

Ranar, sai da ana kiran la'asar kuran ya ɗauke. Rahina ta nuna wa Baba hannun makunnin. Ya sauke shi da kansa, ya raba gidansa da layin gari, sannan ta ja igiyar inji. Daga bayan rumbu ƙara ta tashi, hayaƙi ya bi iska ya haye katanga. Zubaida ta shiga ɗaki ta ɗora tafi a jikin firigo.

"Yana numfashi," ta ce.

Rahina tana haɗa kayanta ta ce, "Saura abu guda, Baba. Ramin nan in ya bushe, sandar ba ta da amfani. Da rani sai ana ba shi ruwa. Nan ne mutane suke mantawa. Sati biyu su yi, su bari."

Baba ya je gindin bango inda dutsen alwalarsa yake tun kafin a haifi Abdussalamu. Ya rungumo shi da ƙyar, ya ƙi a taimaka masa, ya kawo shi bakin ramin ya dasa. Ya ɗauko buta, ya zauna, ya naɗe hannun riga.

Ruwan ya gangara daga gwiwar hannunsa, sabuwar ƙasar ta shanye.

"Sau biyar a yini," ya ce, bai dube ta ba. "Ya isa, ko a ƙara?"