Tsokar Malam Ashafa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Murja tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. Aikinta yanka tsoka siriri, ta ɗora a gilashi, ta rina, likita ya duba a madubin ƙara girman abu.

Dakta Nu'uman, shugaban ɗakin, ya sa ta zaƙulo tsokar mutum arba'in da aka yi wa tiyatar ciwon dajin ciki, wadda aka adana cikin kakin kyandir. Ya samo wani sinadari mai manne wa wani furotin a jikin tsoka ya rina shi. Zatonsa shi ne, duk tsokar da ta rine ta yi duhu, ciwon mai ita yakan dawo da wuri. Amma sai an san yadda mutanen suka ƙare kafin a tabbatar, ga shi fayil ba ya faɗa. Da yake Murja haifaffiyar Jakara ce, aka ba ta sunayen na cikin gari ta bi gida-gida.

Tsokar Malam Ashafa baduku ta fi ta kowa duhu. Shekara biyu da tiyatarsa, don haka Murja ta tafi da shirin yin ta'aziyya. Sai ta tarar da shi a zaure yana ɗinkin kube, ya rame, amma hannunsa bai daina aiki ba. Ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya gaya mata abinci sai kaɗan-kaɗan, sau shida a yini, nama kuwa ya haƙura da shi.

Da ta miƙe, ya tambaye ta abin da suka gani a tsokar tasa.

Ba a aiko ta ta faɗa ba, ƙarya kuma ba ta iya yi wa sa'an mahaifinta.

"Baba, taka ta yi duhu. Likita yana zaton ciwon mai irinta yakan dawo. Amma zato ne, shi ya sa muke bin mutane."

"To, ku ci gaba da bi," in ji shi. "Ni dai yau ina nan."

Ta roƙe shi ya zo a sake duba shi, ya kuwa zo ranar Talata. Hoto ya nuna ciwon ya taɓa hanta. Aka ba shi maganin rage zafi, ya koma bakin sana'arsa.

Bayan wata goma sha huɗu, matarsa Turai ta zo ɗakin gwaje-gwajen da kanta, bayan ta fita takaba. Ta ce Malam ya bar wasiyya a kawo wa Murja ranar da ya cika, kada a rubuta ba daidai ba. Murja ta rubuta, ta yi masa addu'a, sannan ta raka Turai har bakin titi ta tsayar mata da tasi.