Tauraro a Gindin Kwano

Tun yana saurayi tsohon yake zana kwanukan tagulla na liyafar fada. A bakin kwano yakan rubuta addu'ar albarka ga mai ci. A can gindinsa kuma sai ya zana tauraro, layi na shiga cikin layi, har ido ya kasa gane inda ya fara. Ba mai ganin tauraron nan sai ya cinye abin da aka zuba masa.

Matarsa ita ce babbar mai girkin fadar a wancan zamani. In liyafa ta tashi, takan tsaya a ƙofar madafa tana duba kwanukan da ake dawowa da su. Wanda tauraronsa ya fito, ta yi murmushi. Wanda ya dawo a rufe da sauran shinkafa, ranar ba mai jin daɗinta, don a wurinta babu kunyar da ta kai wannan ga mai girki. A ƙofar nan suka saba. Maganar da ta fara yi masa ita ce, "Kai mai zane, ka san in ban iya girki ba, ba wanda zai ga aikinka?"

Yanzu duka sun bar fada. Ciwo ya kwantar da ita, ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. 'Yarsu ta dafa wannan ta dafa wancan, kwano ya shiga ɗaki ya fito yadda ya shiga. Likita ya ce in ba ta fara ci ba, sai dai a mayar da ita asibiti. Ita kuwa ta rantse in an sake kai ta can, ba da ƙafarta za ta dawo ba. Tsohon ya san halinta. Ba ta faɗin abin da ba ta nufi ba.

Bai roƙe ta ba, don bai iya roƙo ba. Ya buɗe tsohon akwatin aikinsa, ya ɗauko wani ƙaramin kwano da bai taɓa zanawa ba, ya zauna daidai ƙarƙashin tagarta da 'yar gudumarsa. Ido ya yi rauni. Ya dai ci gaba.

"Wa ke fasa mini kai?" ta ce daga ciki.

"Aiki nake."

"Wa ya ba ka aiki? Makaho?"

Ya ci gaba da buga gudumarsa.

Da ya gama, ya shiga madafa ya ce wa 'yar ta ba shi wuri.

"Baba, ko ruwan zafi ka taɓa dafawa?"

"Fita."

Ya dafa shinkafa da romon kaza yadda ya ga ana yi. Ya zuba a sabon kwanon har ya rufe gindin, ya kai mata, ya ajiye a kan kujera kusa da gado.

Ta dubi bakin kwanon. Ta sa yatsa ta bi rubutun.

"Sabo ne. Me ka zana a ciki?"

"Yana ƙasa."

"Juye shinkafar in gani."

"A fada juyewa ake yi?"

Ta harare shi. Sannan ta sunsuna tururin, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba girkin 'yata ba ne. Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni."

Ta dube shi. A gefen hannunsa akwai ƙuna sabuwa, ya jawo hannun riga ya rufe.

"In ba za ki ci ba, in mayar," ya ce, ya miƙa hannu zai ɗauka.

Ya san abin da yake yi. 'Yarsu na tsaye a ƙofar madafa, za ta ga kwano ya dawo a rufe. Kunyar kuwa ta mai girki ce.

"Ajiye, Malam," ta ce. "Girkinka na farko a duniya ba zai koma a rufe ba. Ba a gidana ba."

Ya tallafe ta ta zauna. Ta ɗauki cokali. Loma ta farko ta daɗe a bakinta, shi kuma ya juya yana kallon bango kamar ba ruwansa.

"Gishirin gidan nan duka ka juye?"

"Rabi."

Ta yi dariya har da tari. Ta ci, ta huta, ta sake ci. Da gefen zanen ya leƙo, sai ta riƙa ture shinkafar tana bin layin da cokali, tana ci. Ba ta cinye duka ba, amma tauraron ya fito.

Ta kawo kwanon kusa da fuskarta.

"Layin nan ya karkace."

"Hannun ya tsufa."

"Na kwanukan fada ba su karkace ba, amma ba wanda aka yi domina." Ta goge gindin da bakin zanenta. "Gobe ka kawo murhu nan bakin ƙofa, inda zan ga hannunka. Gishiri kuma ni zan riƙe."

Tsohon ya karɓi kwanon. Da ya fito, ya riƙe shi a karkace, yadda 'yar za ta hango gindinsa tun daga ƙofar madafa.