Lambar da Gumi Ya Cinye

"Ba za ta karantu ba," in ji Mai Tabarau, yana jujjuya hannun firam ɗin tabarau a bakin taga. "Gumi ya cinye lambar. Harafi ɗaya ya rage."

'Yar maƙwabcinsa ta gyara tsayuwa. "Baba ne ya zame a banɗaki, gilashi ɗaya ya tarwatse. Don Allah Kawu, a samo irinsa."

"Ga baƙaƙe nan cike da kanta, ɗauki wanda ya yi miki."

"Mun gwada masa na kasuwa. Haske na shiga ta gefe."

Ya kusa yin dariya. Mahaifin nata, tsohon direban nan, tun da ya tare a layin ba a taɓa ganinsa ba tabarau ba, ko hadari ya rufe gari. Mai Tabarau ne ya laƙaba masa Ɗan Gayu a teburin mai shayi, sunan ya bi shi har bakin yara.

"Bari in je in tambaye shi inda ya saya," ya ce.

Ɗakin duhu ne, sai warin man zafi. Tsohon na kwance ya rufe fuska da tawul. Da ya ji sallama ya janye shi a hankali.

Mai Tabarau ya ƙame. Idon hagu babu shi, fata ce ta haɗe ta tattare har kunne. Na dama ja wur, yana ta zubar ruwa.

"Ruwan batir ne, tun ina jan tirela," in ji tsohon. "Zauna mana, maƙwabci. Yau ka ga Ɗan Gayu ba kwalliya."

"Yaya, ni wallahi ban..."

"Bar shi. Sunan ya fi mini Mai Ido Ɗaya." Ya yi tari mai tsawo. "Jikokina nake so su shigo. Na hana su, kar in ba su tsoro."

Tsohon bai tuna shagon da ya saya ba, bai tuna lambar ba. Mai Tabarau ya koma shagonsa. Ya auna faɗin gilashin da ya tsira, da gadar hanci, da tsawon hannu. Ya shafa alli a kan rubutun, ya hure, lambobi biyu suka ɗan fito. Ya ɗauki hoto ta kowane gefe ya tura wa dillalai. Wani ya ce an daina yin samfurin. Wani ya aiko da mai kama da shi, aka gwada, lanƙwasar ba ta zauna ba. Mai shayi ya leƙo yana tambayar jikin Ɗan Gayu, Mai Tabarau ya daka masa tsawar da ta sa ya koma da butarsa.

Daga ƙarshe wata dillaliya ta gane shi ta ƙarfen da ke maƙale hannun da firam. Ta ce tana da gilashin da ƙananan kusoshinsa, za ta sako a mota, jibi zai iso.

Ya je ya faɗa wa tsohon ta bakin ƙofa.

"Madalla," muryar ta fito can ƙasa. "Ka ce wa yaran jibi su shigo."

Saƙon ya iso da hantsi, an riga an dawo daga maƙabarta, an kai tsohon makwancinsa. Mai Tabarau ya rufe shago, ya zauna ya ɗora gilashin. Ya shige daram. Yana ɗaure kusoshin, ɗaya ta faɗi sai da ya durƙusa ya lalubo ta.

Ya tarar da 'yar a tsakar gida tana tattara kofuna. Ya miƙa mata tabarau ɗin, ya kasa ɗaga kai.

"Jikokin sun shiga wurinsa?" ya tambaya.

Ta girgiza kai. "Ta bayan ƙofa suka yi masa sannu."

Ta goge tabarau ɗin da gefen mayafinta, ta naɗe hannuwan firam ɗin, ta riƙe. A gefen rariya famfo na ɗiga cikin bokitin da ya riga ya cika.