Kunun Da Ya Ɓata Hanya A Bompai

Uwaisu ba ya zama wuri ɗaya. Ya bar makaranta a aji huɗu can Matamaye ta Nijar, ya bar ɗinki, ya bar facin keke. Da ya zo Kano, mako bakwai kacal ya yi a wata majema ta Challawa ya ajiye aikin. Yanzu yana Hotoro wurin baffansa Malam Ashafa, ladanin masallacin unguwa, yana jiran Asabar, ranar da Tijjani direban babbar mota zai tafi da shi Ikko.

"Baffa, garin nan naku ba ya amsa gaisuwa," in ji shi. "Kowa gudu yake kamar an koro shi."

"To, kafin Asabar ɗin, ara mana ƙafarka."

Watan azumi ne. Kullum matan unguwa, Hajiya Rahamatu ce kan gaba, sukan dama kunun tsamiya su soya ƙosai, a kai sadaka ga ma'aikatan wani kamfanin man gyaɗa a Bompai da magariba ke riska a bakin inji. Mai kaiwa ya kwanta zazzaɓi, sai aka ɗaura wa Uwaisu garwa biyu a keke.

Hajiya ta yi masa kwatance irin na mutanen wajen: "Ka wuce hedkwatar 'yan sanda, ka bi ƙamshin alewa har ya ƙare. Inda man gyaɗa ya daki hancinka, nan ne. Ka nemi Gwadabe, shi ke karɓa."

Kunya ta hana shi faɗin cewa tun da ya yi aikin jima hancinsa ya mutu, ko turare aka ƙona fata yake ji. Ya yi ta zagaye yana shaƙar iska a banza, katangu duk iri ɗaya, har ya jiyo kiran salla. Ya tsaya ƙofar wani sito, gumi sharkaf. 'Yan dako ne zaune kan buhuna, ba komai gabansu sai gwangwanin ruwa.

Wani dattijo cikinsu, Alhassan, ya ɗaga hannu. "Samari, sauko ka sha ruwa." Ya raba dabinonsa ɗaya tilo, ya miƙa masa rabi.

Uwaisu ya dubi rabin dabinon, ya dubi garwar. Sai kawai ya kwance igiya.

Wuri ya kaure da murna. "Kai, daga sama kake ko daga Nijar?" in ji wani da ya ji harshensa. Aka yi salla kan buhuna, aka sha kunu har ana kankare gindin garwa.

Da ya koma, ya durƙusa gaban Hajiya. "Ku yi haƙuri, na kai kununku inda ba ku aike ni ba."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido. "Su nawa ne?"

"Goma sha tara."

"Shekara shida ina aikawa Bompai ban san da su ba." Ta ƙwala wa 'yarta kira: "Hansatu, ƙara gero!"

Washegari garwa huɗu ya ɗauka. Alhassan ya raka shi har ƙofar kamfanin, inda Gwadabe ya tare shi: "Kai ne ka sa jiya muka buɗe baki da haƙuri? Allah ya shiryi hancinka!" Kwana uku, masu gadi da masu shayi sun san shi, ko'ina ya gifta sai "Mai kunu, a sauka lafiya!"

Ranar Asabar bayan la'asar, ana cikin ɗaurin garwa, Tijjani ya danna oda a bakin titi.

"Hau mu tafi, ɗan gari!"

Uwaisu ya ɗaga kai ya auna rana. "Mutum sittin ke jirana. Sai bayan salla."

"Wace sallar?"

"Ƙarama. Ko dai babba, mu gani."

Malam Ashafa ya ƙara tamke igiyar. Uwaisu ya haye keke ya nufi Bompai.