Ɓari na Biyu na Ƙarfen Saudatu

Felicia ce ta zo ta ɗauke ni a keke napep da hantsi. A da ɗalibar matata Saudatu ce, yanzu ita ma tana koyarwa a sashen da Saudatu ta yi aiki har ta rasu. Ta yi sallama a zaure, ta rusuna ta gaishe ni.

"Baba, an gama ƙarfen Mama. Muktar ya ce ka zo ka gani kafin a ɗauka."

"In an gama, me zan gani?"

"Ka dai zo, Baba."

Na sa hula na bi ta. Tun bayan jana'iza na daina musu da kowa. In aka kawo abinci in ci, in aka ce in yi haƙuri in ce to. Ni tsohon ma'aikacin laburare ne, na karanta littattafai masu yawa a kan mutuwa, kuma duk waɗanda suka rubuta su da ransu suka rubuta.

Daga Ɗan Iya zuwa Fadaman Mada Felicia ta yi ta ba ni labarin taron. Jibi za a kafa ƙarfen a harabar sashen, da allo mai sunan Dakta Saudatu a ƙasansa. An kama rumfa, an gayyaci baƙi, shugaban sashe zai yi jawabi. Shi ne mutumin da ya hana Saudatu ɗakin gwaji tana raye. Na ce Allah ya sa a yi lafiya.

Ƙarfen yana buƙatar bayani, don duk wanda ya gan shi tambaya yake yi. Saudatu tana koyar da ilimin sinadaran da ke cikin halittu. A cikin ƙwayar bakteriya akwai wani zare da ake kira RNA, mai ɗauke da saƙon abin da ƙwayar za ta yi. Akwai kuma wani sinadari, enzayim, wanda aikinsa yanka wannan zaren, kamar almakashi. Masana a ƙasashen waje sun gano ainihin siffarsa, tsawo da faɗi da zurfi. Ɓari biyu ne iri ɗaya a haɗe, kowanne cike da murɗe-murɗe kamar sifirin, da kwari a tsakaninsu inda zaren yake kwanciya a yanka shi. Saudatu ba ta gano komai ba, koyarwa kawai take yi, da alli, a aji mai ɗalibai fiye da kujeru. Ta gaji da zana abu mai zurfi a kan allo, ɗalibai su kwafe shi shafal kamar taswira. Sai ta ce za ta sa a ƙera shi da rodi, ya kai ƙirjin mutum, yadda ɗalibi zai zagaya shi ya zura hannu cikin kwarin.

Muktar mai walda ta samu. Get-get yake yi wa masu sababbin gidaje. Kowace Asabar takan tafi shagonsa da takardunta, ta zauna a kan benci, yana lanƙwasa rodi tana cewa ƙara, rage, a'a ba haka ba. Sun gama ɓari ɗaya sai ciwon ya kwantar da ita. Daga gadon asibiti ta aika masa cewa na biyun daidai da na farko ne, ya yi shi ya haɗa.

Mun tarar da shi a ƙofar shago, ya rufe abin da tampol. Ya goge hannu a wando ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Buɗe mu gani."

Ya yaye tampol ɗin. Ɓarin Saudatu shuɗi, sabon ɓarin ja, fentin yana ta ƙyalli. Mai faci na maƙwabta ya leƙo.

"Muktari, yau dai ka faɗa mana gaskiya. Eriya ce ko tarkon aljanu?"

"Kai dai ka je ka nemi ƙusa a taya. Wannan aikin jami'a ne, ya fi ƙarfin kanka."

Na zagaya shi a hankali. Na yi zaton zan ji wani abu, ban ji ba. Rodi ne da fenti. Na ɗora hannu a kan wani murɗi na shuɗin ɓarin, babban yatsana yana kallon sama, sauran yatsun suka bi hawan ƙarfen. Shekara da shekaru ina ganin Saudatu tana yin haka da duk abin da ya murɗe, igiyar shanya, wayar tarho, har taliyar da ke faranti. Takan ce a jikin halitta wannan murɗin dama yake bi, kamar zaren noti. Na matsa na ɗora hannun a kan jan ɓarin. Yatsuna suka ƙi bi. Na sa hagu, sai suka bi.

Na gwada wani murɗin, na gwada wani. Duka haka.

"Muktari, yaya ka yi na biyun nan?"

Fuskarsa ta washe. "Ai Baba nan ne aikin yake. Hajiya ta ce su zama daidai. To get mai ƙyaure biyu ba a yin sa sai kowanne ya kalli ɗan'uwansa. In furen wannan ya naɗe nan, na wancan ya naɗe can. Haka na bi shi ɗaya bayan ɗaya na juya, babu wanda na tsallake. Wallahi ya fi na farkon ba ni wuya."

Gaskiya ya faɗa. Aiki ne mai tsabta, ko ɗigon walda ba ka gani. Ya ƙera abin da babu shi a cikin kowace halitta, kuma ya ƙera shi da kyau.

Na dubi Felicia. Tana kallon takalminta.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba. Tun jiya."

"Shi ya sa kika ɗauko ni."

Ba ta ce e ba. Ta ce, "Baba, an buga katin gayyata. In na je na ce wa Oga shugaban sashe a ɗage, ni zai ci. Kuma wallahi babu wanda zai lura. Shi kansa Ogan ba zai lura ba."

"Wannan na yarda."

"To ko a kafa shi haka, daga baya a gyara?"

Na yi aikin gwamnati, na san inda daga baya take. Abin da aka kafa da siminti aka ɗauki hoto a gabansa ya zauna ke nan. Ɗalibai za su zagaya shi kamar yadda ta so, su zura hannu, su zana shi a jarrabawa, rabi daidai rabi a juye, da sunanta a ƙasa. Matar da ta taɓa mayar da littafi kanti don an buga hoto ɗaya a juye.

Muktar yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Baba Malam, wani abu ya ɓaci ne?"

"Miƙo hannunka mu gaisa."

Ya miƙo. Na riƙe.

"Wane hannu ka ba ni?"

"Dama mana, Baba. Ni ba mara tarbiyya ba ne."

"Ni wanne na ba ka?"

"Dama."

"To haka abin nan yake. Dama biyu ne suka haɗu. Ɗaya ne aka yi sau biyu, aka zagayo da shi ya fuskanci ɗan'uwansa. Kai kuwa ka yi dama da hagu, kamar mai tafi."

Ya saki hannuna. Ya haɗa tafukansa ya duba, ya dubi ƙarfen, ya sake duba tafukan. Sannan ya zauna a kan bencin.

"Inna lillahi. Da ta ce daidai, daidai take nufi."

"Haka take magana."

"Da na sani ai da ya fi sauƙi. Da kwafa kawai zan yi." Ya cire hular walda daga goshinsa ya ajiye. "Hajiya ba ta taɓa barin ko rabin inci ya wuce ba. Akwai ranar da ta sa na warware murɗi guda don ya ɗara da zagaye ɗaya. Na ce Hajiya wa zai ƙirga? Ta ce ita."

Felicia ta ce a hankali, "Mama ba za ta so a fasa taron ba."

"Mama ba ta son komai yanzu, Felicia. Ni na sa ta a kabari. Ba za ta gani ba, ba za ta ji haushi ba." Na faɗi haka kamar mai karanta sanarwa, don haka nake jin sa. "Amma ba za a rubuta sunanta a ƙarƙashin wannan ba. Muktari, yanke jan."

"Baba, in na yanke ba zan iya sabo kafin jibi ba. Ko da wuta, balle babu."

"Ban ce ka yi kafin jibi ba. Ka yanka ta gefenka, kada injin ya taɓa shuɗin."

Ya dubi Felicia. Ta rufe ido ta buɗe, ta ciro waya daga jaka ta koma gindin bishiyar dogon yaro. Ina jiyo ta tana cewa ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, tana saurare, tana sake cewa ranka ya daɗe.

Muktar ya tada janareto. Ya sa alli ya yi alama a duk inda ɓarorin suka haɗu, ya matsar da alamar ɗan yatsa guda zuwa cikin jan. Tartsatsi ya yi ta zuba a ƙasa. Mai faci ya sake leƙowa, ya ga fuskokinmu, ya koma. Da aka yanke mahaɗa ta ƙarshe jan ɓarin ya karkata, Muktar ya tare shi da kafaɗa ya kwantar da shi a gefen kwata. Shuɗin ya tsaya shi kaɗai, da guntayen ja a jikinsa inda aka yanke.

Felicia ta dawo, idonta ya kaɗa.

"Ya ce ba za a ɗage ba. Ya ce a kawo abin da ke akwai, ko rabi ne, shi jawabi zai yi."

"Shuɗin ba za a kai ba," in ji Muktar. "Da me zan gwada sabon? Takardun Hajiya ni ban iya karanta su ba, ita ce take karanta min."

"To ya yi jawabinsa a gaban allo," na ce.

Felicia ta yi wata 'yar dariya da ba ta shirya ba, ta share ido da bakin gyale. Ta ce ranar Asabar za ta zo da takardun. Muktar ya ce yana son wanda zai zauna masa kullum, don hannunsa ya riga ya saba da juyawa, yana tsoron ya koma. Duk suka dube ni.

Ba ni da wani abin yi a gida. Na zauna a kan bencin. Muktar ya ɗauko sabon rodi, ya ɗaure bututu a jikin teburinsa, ya kafa bakin rodin, ya tsaya yana jira.

"Ta ina, Baba?"

Na ɗaga hannun dama na nuna masa.